Jadawalin Ranar Lahadi

Rumfata na tsakanin mai ɗinkin buhu da mai manja,
allon sola biyu a rufi, waya talatin na shan wuta.
Kasuwar Gujungu ta cika, ni ma na buɗe littafi,
mai shuɗin bangon nan da shayi ya yi wa tambari.

Duk wanda ya miƙo memori ya ce tura min kaza,
sai in ja kara ɗaya a gaban sunan waƙar.
In sun kai biyar in ɗaure su kamar dami.
Da la'asar in ƙirga.

Rediyon birni ma na da nasa lissafi, na ji su daren jiya,
wai Sagiru Kwalam ke kan gaba mako na huɗu.
Can ke nan. A nan ya gangaro na shida
tun da 'yan acaba suka tsotse shi suka tofar kamar rake.

Sabon kundinsa ya iso Laraba, waƙa goma sha biyu.
Sau uku na bi shi, ina ji ina ba da canji.
Ta farko ganga ce da kirarin kai.
Ta biyu ita ce ta farkon, ɗankwali kawai ta sauya.
A ta biyar inji ya matse muryar har ta koma ta sauro,
ta bakwai kuwa yabon wani Alhaji ne,
kana jin ƙamshin sababbin kuɗi tun daga amshi.
Na ce wa Gambo mai faci: miya kogi guda, tuwo loma uku.
Ya ce, kai ko tallan goro ka taɓa rerawa?
Ban taɓa ba.
Amma ba sai ma'auni ya yi noma yake gane tsakuwa ba.

Sai ta tara.
Ba ganga, ɗan fiyano ne da numfashi.
Yana zancen rijiyar gidansu da ta ƙafe,
yadda guga ke dawowa ba nauyi
amma uwarsa ba ta daina zura shi da asuba ba.
A baiti na uku muryarsa ta tsage,
ko mantawa suka yi ko me, ba su ɗinke wurin ba.
Ta wannan tsagar na leƙa na ga mutum.

Ba wanda ya neme ta yau
sai Iya Tabawa mai daddawa,
da wayarta da aka ɗaure da roba.
Ta ce, sa min waccan da kake ji in ba kowa,
wadda ke sa ka mance canjin mutane.
Kara ɗaya.

Rana ta sunkuya, motocin riɗi sun fara ɗaure igiya.
Na ɗauko kwalin taliya da maka,
samari sun taru, kowa da gwaninsa a baki.
Ta ɗaya, Hansai 'Yar Taura, kara arba'in da ɗaya,
kaka ta yi kyau, kowane ƙauye da biki.
Ta biyu ta masu majalisi, ta uku ta masu ƙorafin soyayya.
Na yi ta gangarowa ana ihu, ana rantsuwa, ana cewa an saye ni.

A ta goma hannuna ya tsaya.
Mai gurbin na da kara bakwai, na gan su, ban makance ba.
Shekara shida ban taɓa tauye mudu ba.
Na rubuta: Rijiya.

Gambo ya karanta kwalin, ya leƙa littafin,
ya dube ni yadda ake duban mai nama da yatsa a kan sikeli.
Bai ce uffan ba.
Ya zare memori daga wayarsa, ya hure ƙura, ya ajiye a tebur.

Kara biyu.
Saura biyar in zama mai gaskiya.