Kai Ka Gani

Likitar Idi-Araba ta ce: shi ba zai tuna ba.
Kai ka gani, kai za ka faɗa.

To. Ran Laraba ne, bayan la'asar,
muna sauke albasar Aliero a Agege,
Tasi'u na tsakar ba ni labarin kuɗin haya,
sai wata ƙara ta kufce masa daga ƙirji,
ba ta tsoro ba, ba ta kira ba,
kamar an taka zugazugi.

Ya sanƙame.
Ya faɗi yadda ƙyaure ke faɗuwa in an zare ƙusa.
Haƙora a datse, ido ya kafe sama,
leɓe ya yi duhu.
Sannan fizga, hannu da ƙafa gaba ɗaya,
kumfa da ɗan jini a gefen baki.
Wandonsa ya jiƙe. Wannan ban so faɗi ba.
Ta ce faɗi, shi ma shaida ne.

Minti nawa?
Na ce shekara.
Ta jira. Na ce ko danfo guda bai gama cika ba.
Ta rubuta.

Iya mai buka ta rugo da cokali.
Wani ya ce a ja baya, yawun na kama mutum.
Wani ya fasa albasa, tamu, ya kai masa hanci.
Shi kuwa ya saki jiki yana munshari,
da ya farka ya dube ni kamar baƙon tasha,
ya ce wa ya yi masa duka.

Ta leƙa gefen harshensa.
Ya taɓa yi? Sau biyu, a ɗaki, na ɓoye.
Ya taɓa bugun kai? Yana samun barci?
Aka ɗibi jini, aka manna masa wayoyi a ka,
layuka na hawa da sauka kamar ruwan ƙarƙashin gada.

Farfaɗiya, in ji ta, ba ta ko rage murya ba.
Yawu ba ya ɗaukarta.
Ban da cokali, ban da danniya.
Kwantar da shi ta gefe, ka dubi agogo,
in ta haura minti biyar, ku taho.

A danfo, takardar magani a aljihunsa,
ya daɗe yana kallon titi.
Can wajen Oshodi ya ce:
ina na tsaya a maganar hayar nan?