Rumfar Iya Ronke

Bayan layin dogo na Agege,
inda kwata ta cinye rabin hanya,
akwai wani lungu marar suna.
In ka wuce mai facin taya,
bi ƙamshin barkono da hayaƙin itace,
tsallake katako biyu da aka gitta kan lambatu.
To, ka iso.

Babu allo, babu rubutu.
Labulen leda mai ratsin shuɗi,
jan ƙwan lantarki guda
da ƙwari suka mayar kasuwa.

Yohanna ne ya fara kawo ni,
ranar da aka biya mu rabin albashi.
Ya ce, "Tanimu, zo ka ga
inda Ikko take tuɓe takalmi."

Benci ya sha zama har ya yi sheƙi.
Fanka na kaɗa kai, a'a, a'a,
kamar surukin da aka zo wa rance.
Iya Ronke, mabuɗin kwalba rataye a wuya,
tana rubuta bashi da alli a bayan ƙofa.
Kowa da layinsa.
Na Baba Kafinta ya kai ƙasa
ya yi kwana ya fara hawa.

Yohanna na kurɓar bammi a ƙoƙo,
fari kamar ruwan wankin shinkafa,
ƙuda biyu na yi masa fadanci.
Ni lemo. Kullum lemo.
Tun zuwa na uku ta bar tambaya:
da ta hango hulata
sai hannu cikin ƙanƙara,
"Malam," ta dire, ta wuce.

Farfesun kan akuya ya iso yana huci.
Cokali ɗaya, hanci ya saki,
na biyu, na yafe wa manajanmu,
na uku, na janye yafiyar.

Obiora, mai kayan mota a Ladipo,
na dukan tebur kan ƙwallon da aka buga bara.
Direban danfo ya yi barci a zaune,
cinikin yini cushe a safa,
bakinsa bai daina kiran Oshodi ba.
Wata nas, takalmi a hannu,
tana cin kifi ita kaɗai,
ba ta son a ce mata komai,
ba wanda ya ce.

Sai wuta ta ɗauke.
Tsaki ɗaya, harshe biyar.
Kafin janareta ya gama tari,
daga can kusurwa, cikin duhu,
wani ya ce, "Kai, wannan gari!"
da Hausar kan dutse,
irin ta wajen Kagoro.

Da haske ya dawo na neme shi.
Dattijo ne cikin kakin gadi,
furfura har a gira.
Sunansa Bitrus Kazah.
Shekara ashirin da shida yana buɗe ƙofar wani.
Ya tambaye ni, "Ruwa ya sauka a gida?"
Na ce ban sani ba.
Ya ce shi ma.
Muka yi shiru, kwalbarsa kore, tawa ja,
muna kallon zufarsu tana haɗuwa kan tebur.

Sha ɗaya saura, jirgi ya wuce.
Kwalabe suka kama rawar sanyi,
Iya Ronke ta dafe kanta da tafin hannu
ba tare da ta katse ƙirgar canji ba.

Na tallafo Yohanna muka fito.
Katakon nan biyu sun zama huɗu a idonsa,
ya zaɓi wanda babu.

Jibi Inna za ta kira,
ta ce, ina kake hira a garin nan?
Zan ce, wajen abokai.
Ban yi ƙarya ba.
Amma rigar nan mai warin hayaƙi
sai na jiƙa ta kafin asuba,
in shanya a bayan ɗaki
inda maƙwabta ba sa bi.