Ƙarfen Bakin Layin Dogo

Daren da rumfunan goro suka kama a Agege
shekarata tara, bokitina yana yoyo.
Motar gwamnati ta iso da hantsi,
ta tarar da toka, ta jiƙa ta, ta juya.

Washegari Bagudu mai walda
ya rataye ƙarfen tayar tirela
a reshen mangwaron bakin layin dogo.
Ya ce, "Wanda ya ga hayaƙi ya buga.
Wanda ya ji ya fito,
ko da sabulu a idonsa."
Mu bakwai ne in an ƙirga da ni.
Ba a ƙirga da ni ba.

Ba mu da suna, ba mu da riga.
Bokiti goma sha ɗaya, gatari biyu,
tsanin da Lamidi kafinta ya harhaɗa
da ragowar bencin makaranta,
sai rijiyar Iya Risika,
wadda ta cire sakatar ƙofarta ta ba Bagudu
ta ce ya narkar.

Wutar farko ta murhu ce, mun ci ta.
Ta biyu ita ta ci mu.
A nan muka koyi cewa fetur ba ya jin yaren ruwa,
yashi yake ji.
Jatau ne ya biya mana kuɗin wannan karatu
da fatar hannunsa na dama;
har ya bar duniya da hagu yake gaisawa,
yana ba mutane haƙuri.

Matan layi suka yi adashin shekara biyu,
ba wadda ta ɗauki kwasarta.
Aka sayo tsohon injin ruwa
wurin wani mai kiwon tarwaɗa a Ikorodu.
Sai ya yi tari uku kafin ya tashi,
muka sa masa suna Kaka.

Okwudili bakanike ya ba mu danfo matacciya.
Muka fitar da kujeru, muka zaunar da tanki,
muka shafa ja a kan rawaya.
Har gobe in damina ta dake ta
rawayar tana leƙowa,
kamar mai son tambayar ina fasinja.
Ita ce ke kutsa lungun da babbar mota
ke tsayawa a bakinsa tana kuka.

Yau suna arba'in da biyu a littafi,
harshe biyar, tiyo ɗaya.
Hurera jikar Bagudu ce ke kiran suna da asuba,
ta san nauyin iska, ta san halin waya,
saƙonta yakan riga hayaƙi isa.
Suka ce a sauke ƙarfen, a goge, a kai ofis.
Na ce ku bar tsoho inda ya saba.

Bara, cikin azumi,
aka kawo wuta da ƙarfi tsakar dare,
sabis ya ɗauke, shagon tela ya kama.
Wata yarinya da ban san ta ba
ta ɗauki dutsen layin dogo ta buga.

Na fito ba takalmi, gwiwa tana gardama.
Kaka ya daɗe da yin shiru, Jatau ma haka.
Wani yaro ya danna min bokiti a ƙirji,
ya ce, "Baba, miƙa gaba!"
Da gari ya waye Hurera ta buɗe littafi,
ta dube ni, ta lashi bakin biro,
ta tambaye ni yadda ake rubuta sunana.