Saura Kwana Uku, Gadarif

Lasifika shida na jera a ɗakin baya,
na lulluɓe su da tsohon tamfol na motar riɗi,
na fito ƙofar gida ina kallon gabas
kamar mai dakon wanda yake bi bashi.

A Gadarif ba a wasa da sama.
Ƙasarmu baƙa ce: in ta bushe sai ta dare
har ɗan akuya ya zurma ƙafa,
in ta sha ruwa kuwa, takalmin da ka shigo da shi
ya zama nata, ka koma gida da tafin ƙafarka.
A kanta muka kafa dandamali.
Makaɗa na tafe daga Sinnar, daga Kassala,
har da mai garaya daga Mai Wurno,
an riga an biya kuɗin motarsa.

Mujtaba ya ce wayarsa ta ce kashi talatin.
Talatin na me? Ruwa ba ya sauka kashi-kashi,
ko ya jiƙa ni duka ko ya bar ni duka.
Jiya hoton rana ne fes,
yau gajimare ya cinye mata rabin fuska.
Mu huɗu muka haɗa kai a kan ɗan gilashi
alhali ga sama nan a buɗe, kyauta.

Inna Tabawa mai shayi ba ta duba waya.
Tun Lahadi, in ji ta, gwiwar hagu ke tsami,
sukarin da ta ɗauko bashi, buhu guda,
ya fara dunƙulewa a kwano.
"Ka ga tururuwa na hawa katanga da ƙwai a baki?
To nemi leda, ɗana."
Ta faɗa tana zuba mini gahawa mai citta,
ba ta ko ɗaga kai ba.

Baffa Arzika ya matso kusa da garwashinta
yana gasa fuskar kalangu.
Fata ta saki tun ba a ga ɗigo ba.
Ya taɓa, ya kasa kunne, ya girgiza kai:
muryar kamar ta wanda mura ta kama.
Ya ce fata ba ta manta jikin da ta fito,
in ta ji damina sai ta tuna kiwo.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne
yayana Abdulfadil ya zuba dawa kwana tara ke nan,
tana kwance a ƙasa, ba ta ce komai ba.
Da magariba sahunmu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa.
Liman ya roƙi ruwa mai albarka.
Amin ɗin yayana ya cika masallaci,
nawa ya fito, amma da ƙyar,
kamar kuɗin da aka ƙirga sau biyu kafin a miƙa.

Ban ce kada ya zo ba, wa ya isa?
Tuwon da zan ci baɗi yana cikin wannan hadari.
Na dai ce, in da hali, ya zo gobe,
ya zuba, ya ƙoshi, ƙasa ta tsane kafin Juma'a.
In bai samu gobe ba, to Asabar da asuba,
bayan an naɗe waya, an ɗaure kujeru,
mai garaya ya hau mota.

Yanzu dare ya raba.
Can wajen Habasha walƙiya na ƙifta ido, ba tsawa.
Iska ta juyo da ƙanshin ƙasar da ta jiƙa a wani gari.
Na kunna fitila, na shimfiɗa tamfol,
ga huda nan kamar tafin hannu.
Ina neman bakin allura ke nan
sai kwaɗo guda a bayan gidan Inna Tabawa
ya gwada murya: ɗaya, biyu,
ɗaya, biyu.