Minti Arba'in da Ɗaya a Ƙarƙashin Ƙasa

A Tampere, a watan da rana kan leƙo ta koma
kamar mai bin bashin da kunya ta kama,
na kulle shagon faifaina da ƙarfe shida,
mutum huɗu a ciki, ni ce ta biyar.
Na ɗora allura kan sabon faifai.
Babu suna a bangonsa,
sai hoton ƙofar da aka cire wa mariƙi.

Da fari shiru.
Sai jita ta rikito kamar an juye tirelar rodi,
ganga na tuntuɓe da gangan,
tana ƙin sauka inda ƙafa ke jiranta,
sannan murya, ta mace, a tsage,
kamar ana jan kwanon rufi a kan siminti.
Kofunan shayi suka yi ta kaɗa haƙora a kan kanta.

Da allura ta ɗaga, Eemeli ya riga kowa,
ɗan shekara sha tara, rigar fata duk ƙusoshi:
"Sun ci amanarmu!
Na farkonsu naushi ne, minti ashirin ka fito da haɓo.
Wannan fa? Wa ya kai goge maƙera?"

Sointu tana ƙirge da yatsu tun ɗazu.
"Bakwai, biyar, sai sha ɗaya," in ji ta.
"Ba hauka ba ne,
lissafi ne ya ari rigar mahaukaci."
Eemeli ya ce in lissafi yake so, ya san hanyar makaranta.

Ni dai 'yar kasuwa ce,
kunne ɗaya a kiɗa, ɗaya a aljihun tebur.
Sha biyu na saro. Ina ta tunanin kuɗin haya.

Tuulikki, nas mai aikin dare, tana naɗa mayafin wuya:
"Waƙa ta shida, inda komai ya ɗauke
sai wani fuu, fuu, a can ƙasa,
kun zaci iska ce?
Injin numfashi ne. Na san shi kamar yunwar cikina.
Ba zan saya ba.
Ina da irinsa a wurin aiki, kyauta, har asuba."

Saura Aulis.
Shekara talatin a masana'antar takarda,
inji ya cinye masa kunnen hagu, ya gutsiri na dama.
Tun da aka fara, tafinsa na manne da lasifika
kamar mai jin zazzaɓin yaro.
Ban taɓa ganinsa a shagon ba sai yau.

Ya ce, "Injin na uwarta ne."

Dusar ƙanƙara ta ci gaba da cika 'yar tagar da ke daidai da titi,
takalma suna wucewa ta samanmu.

"Tun ranar da aka kashe shi, shekara huɗu,
Vilja ba ta ce mini uffan ba.
Ko kalma ɗaya ban tsinta a ihun nan ba,
amma kurma ma yakan san in shi ake kira.
Ba ni biyu.
In allura ta cinye ɗaya, ɗaya na nan."

Tuulikki ta warware mayafinta ta koma ta zauna.
Sointu ta dunƙule yatsunta.
Eemeli ya daɗe yana kallon igiyar takalminsa,
sannan, don bakin da ya saba ba ya kwana da magana,
ya ce a hankali, "Har yanzu dai gogen bai dace ba."

Aulis ya karkato masa ragowar kunnensa,
ya sa ya maimaita,
ya yi wata dariya mai kama da tari.
"Haka na gaya mata ranar da na saya mata shi.
Juya faifan, yarinya.
Ƙara murya."