Sauka Ita Ce Sana'a

Baba, jiya na buɗe akwatinka na ƙarfe,
wanda ya biyo mu daga Yamai har Bagalam.
Hular kwano tana nan, da warin mai da zufa,
ga kayen da kake rubuta awoyin tashi,
dubu uku da ɗari huɗu da wani abu,
rubutunka ƙanana kamar sahun tururuwa.

Da dare, in an kawo tuwo,
sai ka mai da tafin hannunka jirgi,
ya karkata bisa akushi, ya kewaye kwanon miya,
Inna Tsahara tana cewa abinci zai huce.
Kai kuwa ka ce: tashi ba wuya,
ko kaza in ta ga wuƙa tana tashi.
Sauka ita ce sana'a.

Kujerarka ta baya ce, ka ce mini,
yaro a gaba yana jiƙa rigarsa,
hannunka kusa da sanda, amma ba ka taɓawa.
Haka ka koya mini keke a hanyar Tibiri.
Ina ta surutu, ina zaton kana riƙe,
na waiwaya sai na hango ka can nesa,
hannuwa a baya, ko murmushi babu.
Na faɗi. Tabon yana gwiwata.

Suna ɗaya ne da jan alƙalami a kayen:
Sahabi Nomau, shekara ashirin da uku.
Ba ka taɓa ba mu labarinsa ba.
Duk watan azumi dai kana auna gero
ka aika wa wata tsohuwa a Madarunfa,
mu ba mu tambaya.

Da ka aje kaki, ka kama gona a bakin Gulbi.
Injin ya riga ya cinye kunnenka na hagu,
amma idon bai tsufa ba.
Ka dubi gabas ka ce wa maƙwabta kada su shuka,
wannan hadari maƙaryaci ne.
Suka yi dariya, suka shuka, suka sake sayen iri.

In jirgi ya nufo filin Maradi
sai ka tsai da hauya, ka karkata kunnen dama.
Wannan ya zo da gudu, ka ce,
wa ya koya masa?

Ranar sadakar bakwai wani mai furfura ya zo,
galoli a kafaɗa, direba na jiransa.
Ya tuɓe takalmi tun daga zaure,
ya zauna ƙasa, ya ƙi kujera.
Ya ce har yau in ƙasa ta taso masa
muryarka yake ji a ƙeyarsa:
sannu, sannu, kar ka yi faɗa da iska.

Yau shamuwa ta iso, damina ta kusa.
Na tsaya a tsakar gida da tulu a hannu
ina kallon ɗaya tana saukowa kan bedin Malam Illa.
Ta miƙe ƙafafu, ta rage gudu,
reshen ko motsi bai yi ba.

Da ka ba ta maki, Baba.
Allah ya sa taka saukar ta yi taushi haka.