Jajibirin Gasar Badujala a Aboabo

Gobe ne ƙarshen gasa.
Yau shagon Fuseini wanzami ya cika har bakin kwata,
alhali ba wanda ya zo aski.
Gariba direba ya ajiye motarsa da fasinja biyu a ciki,
ya ce su yi haƙuri, magana ɗaya zai faɗa.
Tun la'asar yake faɗin ta.

"Tsawar Asawase!" in ji shi.
"Ganga ashirin da huɗu, hannu ɗaya.
In suka sauke sanda tare
hanjinka ke amsawa kafin kunnenka.
Bara ma alƙalai ne suka ci su, ba 'yan Alabar ba."

Fuseini ya ɗaga aska kamar mai rantsuwa.
"Ƙara ba kiɗa ba ce.
Injin niƙan bayan kasuwa ma yana da ƙara,
a ba shi kofi mana!
Dubi Alabar in sun juya:
layi ya karye, ya zama tauraro, ya koma layi,
ba ƙafar da ta yi wa 'yar'uwarta ƙarya."

Memuna mai koko ta leƙo da ludayi a hannu,
ta ce ku yi ta yi,
yaran Bantama na can sun yi shiru,
kuma shirun tukunya ba rashin wuta ba ne.
Akwai wani siririn mai begila a cikinsu,
in ya ja sauti, sai ka tuna wanda ya rasu maka.
Ba wanda ya tanka.
Kowa na binta ladabi, ita tana bin kowa kuɗin ƙosai.

Wani yaro ya miƙo waya a kalli wasan makon jiya.
Gilashin ya tsage,
rabin Asawase ba su da kai,
duk da haka aka ga hujja:
Gariba ya ga tasa, Fuseini ya ga tasa,
a daƙiƙa guda, a hoto guda.

Can kan benci Baba Mumuni na tauna goro.
Shekara talatin ya yi yana dukan babbar ganga,
ita kuma ta tafi da kunnuwansa.
Yanzu da tafin ƙafa yake sauraro.
Aka yi masa ihu: Baba, wa zai ɗauka?
Ya daɗe yana kallon silifas ɗinsa.
"Farawa kowa ya iya," in ji shi.
"Ku dubi wanda ya iya tsayawa,
wanda in shugaba ya dunƙule hannu
ko sanda ɗaya ba za ta yi tari ba."
Gariba ya ce ai Asawase kenan.
Fuseini ya ce ai Alabar kenan.

Ni tela ne, bakina a ɗinke yake.
Ni na yi wa Asawase jar kafaɗa,
ni na sa wa Alabar maɓallan zinariyar ƙarya,
dukansu ba su gama biya ba.

Amma akwai wasu da ba a ambata ba yau:
makarantar gwamnati ta bayan rijiya,
ganga tara, biyu aro ne,
ɗaya an ɗaure cikinta da igiyar shanya.
A layi na uku, gefen hagu,
akwai mai ƙaramar ganga da hula ta yi mata yawa.
Wata huɗu tana dukan murfin bokiti,
tana dukan tebur, tana dukan gwiwarta a cikin barci,
har uwarta ta ɓoye cokula.

Barikisu ce. Tawa.

Ba za su ɗauki kofi ba, na sani,
lissafin maki ba ya jin tausayi.
Na bar su Gariba suna caca da sidi ashirin,
na koma shago, na kunna fitila,
na rage wa hular nan yatsa biyu
don gobe ta ga hannun shugaba sosai
lokacin da zai dunƙule.